Shin Juzu'in Tsakiya Ciko Ne? Amsa Ga Mai Karatu Daga Agege

Wani matashi mazaunin Agege, mai riƙe wa maigidansa lissafin albasa a kasuwar Mile 12, ya aiko da tambaya. Ya ce ya sayi The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien, juzu'i uku, a hannun masu sayar da tsofaffin littattafai na Ojuelegba. Na farko ya shiga ransa, bai san lokacin da ya gama shi ba. Na biyun kuwa, The Two Towers, da kyar da jiɓin goshi ya kai ƙarshensa. Hukuncin da ya yanke shi ne littafin ciko ne: an ɓoye Frodo, jarumin da ke ɗauke da Zoben sihirin da ake son hallakawa, har rabin littafi ya wuce, an tsaya sauraron surutun bishiya, babban yaƙin da ya gani a fim ya zo ya wuce a babi ɗaya, sannan aka datse labari ba tare da an warware komai ba. Wani abokinsa ya ce masa duk littafin tsakiya haka yake, marubuci ne ke jan rai don a ƙara masa ciniki. Yana so ya ji ko hukuncin nasa ya yi daidai, da kuma ko na ukun ya cancanci wahalarsa.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Gajiyar da ka ji gaskiya ce, ba zan ce maka ba ka iya karatu ba. Dalilin da ka ɗora wa gajiyar ne ban yarda da shi ba. Maganar abokinka ta dace da wasu littattafai, zan zo kansu, amma wannan ba ya cikinsu.

Mu fara da zargin jan rai, domin shi ya fi saurin rushewa. Tolkien bai zauna ya rubuta littattafai uku ba. Labari ɗaya ya rubuta, ya fara a ƙarshen 1937 bayan fitowar The Hobbit, ya kammala wajen 1949, ya kasa shi kashi shida. Kamfanin da ya buga shi a Landan, George Allen & Unwin, shi ya raba shi uku, saboda tsadar takarda bayan Yaƙin Duniya na Biyu da kuma tsoron kada a tafka asara a kan ƙaton littafin da ba a san ko zai karɓu ba. Na farko ya fito ranar 29 ga Yuli 1954, na biyu ranar 11 ga Nuwamba na wannan shekara, na uku ranar 20 ga Oktoba 1955. Ka ga ke nan kafin a sayar da kwafi ɗaya na juzu'in farko, labarin gaba ɗaya yana nan a rubuce. Ba wanda ya ga kasuwa ta buɗe ya koma ya ƙara ruwa a miya. Abin da ke hannunka kashi na uku ne da na huɗu, aka haɗa su a bango ɗaya aka laƙaba musu suna.

Wannan ya bambanta da abin da muka saba gani a littattafan yaƙi da ake bugawa a Kano, inda na biyu ke tsayawa daidai lokacin da sadauki ya ɗaga takobi, a ce mu haɗu a littafi na uku. Can ana rubutawa ana sayarwa, marubuci yana jin motsin kasuwa yana tafiya da shi. Wanda ya tashi da irin wannan karatu, da ya ga an datse labari, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne dabarar ciniki ce. Na fahimci inda abokinka ya samo tunaninsa.

Batun ɓoye Frodo kuwa da gangan aka yi. Kashi na uku babi 11 ne, duk yana bin Aragorn da Legolas da Gimli, da Merry da Pippin da aka sace, da masarautar Rohan. Kashi na huɗu babi 10 ne, sai ya koma baya zuwa kwanakin da ayarin rakiyar Frodo ya watse, ya ɗauko Frodo da hadiminsa Sam. Fim ɗin Peter Jackson na 2002 ya sarƙa su, minti kaɗan a nan, minti kaɗan a can, shi ya sa littafin ya zo maka a baibai. To me Tolkien ya samu da wannan rabo? Rashin sani. Aragorn yana gudu dare da rana a bayan dakarun Orc, dodannin da suka sace Merry da Pippin, bai san ko mai ɗauke da Zoben yana raye ba, kai ma da ke karatu ba ka sani ba. Duk nasarar da aka samu a Rohan tana iya zama aikin banza in an riga an kama Frodo, kuma an hana ka hanyar leƙawa ka kwantar da hankalinka. Da ka shiga kashi na huɗu sai abin ya juye, ka zama ka san abin da Frodo bai sani ba. Yana ba Faramir, shugaban dakarun masarautar Gondor, labarin yadda jagoransu Gandalf ya faɗa rami a Moria, yana jimaminsa, alhali kai ka riga ka ga dattijon ya dawo cikin fararen kaya. Frodo kuma bai san abokin tafiyarsa Boromir ya mutu ba sai daga bakin Faramir, ƙanen mamacin, kai kuwa tun babin farko ka raka gawarsa cikin kwalekwale. Koma ka sake karanta wannan hirar da wannan a ranka, za ka ga yadda kowace jimla take da nauyi biyu.

Yanzu yaƙin Helm's Deep. Gaskiyarka, babi ɗaya ne, dare ɗaya, kuma babu rundunar Elf, wani jinsi mai kama da mutane da ba ya tsufa, da ta zo ɗauki kamar yadda fim ya nuna. Legolas kaɗai ne daga jinsinsu, yana gasar ƙirgen abokan gaba da Gimli, aka tashi Gimli yana da 42 shi yana da 41. Fim ya shimfiɗa wannan dare har kusan minti 40 domin ido abin kallo yake so. Tolkien kuwa sojan da ya ga yaƙi ne da idonsa, yana fagen Somme a Faransa a 1916, abokansa na kusa suka mutu a wannan yaƙi, bai kuma cika daɗewa a kan sara da suka ba. A ganina ƙololuwar kashi na uku tana babin da aka je ƙofar hasumiyar Orthanc da ke Isengard aka kira Saruman, matsafin da ya tura runduna a kan Rohan. An ci shi da yaƙi, an malale masa gida da ruwa, ba shi da sauran runduna, abin da ya rage masa murya ce kawai. Ya leƙo daga sama ya fara magana a hankali, kamar dattijon da aka zalunta, yana yi wa Sarki Théoden na Rohan tayin sulhu da abota. Mayaƙan Rohan, waɗanda kwana biyu da suka wuce suka binne 'yan'uwansu ta dalilinsa, sai ga su suna gunagunin amincewa, har maganar Gandalf ta fara yi musu kaushi a kunne. Kai da ke Mile 12 ka san dillalin da zai cuce ka kana yi masa godiya, sai ka isa gida lissafi ya ƙi fita. Théoden ya yi shiru mai tsawo, kowa ya ɗauka ya faɗa tarko, sannan ya buɗe baki da murya mai gautsi ya ƙi. Wannan tsohon da aka same shi a dunƙule kan kujera 'yan babi kaɗan a baya, mai ba shi shawara yana juya shi yadda ya ga dama, shi ne yau ya tsaya da ƙafarsa a gaban wanda ya fi kowa iya baki. In ka wuce wannan babi da sauri kana neman ƙarar takubba, ka tsallake naman ka cinye romo.

A kan surutun bishiya zan ba ka rabin gaskiya. Babin Treebeard dogo ne, kuma nawar da ke cikinsa ita ce halin jinsinsa na Ent, halittu masu kama da bishiya da ke tafiya suna magana, waɗanda taronsu na yanke shawara ya kai kwana na uku kafin su motsa. Tolkien ya girma yana kallon yadda birnin Birmingham ke cinye ƙauyen da ya yi ƙuruciya a ciki, yana da ciwon sare bishiyoyi a ransa, ya kuma faɗa a wata wasiƙa cewa tun yana ɗan makaranta ya ji haushin yadda Shakespeare ya yi alkawarin daji zai taso a Macbeth, sai aka ƙare da sojoji riƙe da rassa. Shi ya sa nasa dajin ya tashi da gaske. Duk da haka akwai abin da ni ma yake cizo na. Bayan duk wannan jira, ba a nuna mana rushewar Isengard tana faruwa ba. Sai daga baya Merry da Pippin suke ba da labarinta, suna zaune kan kufai suna cin abinci suna shan taba. An tara mana yunwa, aka ba mu labarin tuwo. In nan ne ka ji an yi maka rowa, ba ka yi laifi ba.

Kashi na huɗu ne ya sa na ce hukuncinka ya yi tsauri. A shekarun da na yi ina koyar da adabi, da za a ce in zaɓi kashi ɗaya cikin shidan in ajiye, shi zan ɗauka. Ba runduna, ba doki, mutum uku ne kawai suke tafiya a ƙasa, Frodo da Sam da ɗan jagorarsu Gollum, wanda Zoben ya daɗe a hannunsa a da, biyu suna jin yunwa, na ukun ba a san ranar da zai ci amana ba. Tolkien ya rubuta mafi yawansa a 1944, yana aika babi-babi ga ɗansa Christopher da ke samun horon sojan sama a Afirka ta Kudu. Uban da ya ga yaƙin farko yana rubuta wa ɗan da ke cikin na biyu, kuma ana jin haka a rubutun. Fadamar nan da suka ratsa, inda fuskokin matattun mayaƙa ke kwance a ƙarƙashin ruwa da ƙananan fitilu suna walwali a kansu, shi da kansa ya ce tana da alaƙa da abin da ya gani a arewacin Faransa bayan yaƙin Somme.

Dubi wuri guda kusa da ƙarshe, a kan matakalar Cirith Ungol. Frodo da Sam sun gaji, sun ci ɗan abin da ya rage, sun yi hira har Frodo ya yi dariya a wurin da aka daɗe ba a ji dariya ba, barci ya kwashe su, kan Frodo yana cinyar Sam. Gollum ya dawo daga inda ya je, mu kuma daga baya muka gane wajen ƙatuwar gizo-gizon nan Shelob ya je ya sayar da su. Ya tsaya yana kallonsu. Koren hasken nan na idonsa ya dushe, ya girgiza kai kamar mai gardama da kansa, ya miƙa hannu yana rawa ya taɓa gwiwar Frodo, taɓawa irin ta lallashi. Na ɗan lokaci ya koma abin da yake tun asali, tsohon hobit, wato gajeren mutum irin su Frodo, da shekaru suka tsotse, ba dangi ba aboki. Frodo ya motsa cikin barci, Sam ya farka ya ga hannun a jikin maigidansa, ya daka masa tsawa ya kira shi mai sanɗa. Hasken ya dawo idon Gollum, bai sake fita ba. Abin bai cika shafi biyu ba. Sam mutumin kirki ne, ƙaunar maigidansa ce ta sa shi magana, kuma zarginsa ba ƙarya ba ne. Amma da wannan kalma ɗaya ya rufe ƙofar tuba ta ƙarshe da ta rage wa Gollum. Tolkien ya rubuta a wasiƙa cewa wataƙila nan ne wuri mafi ban tausayi a labarin gaba ɗaya. Littafin ciko ba ya ɗauke da irin wannan.

Haka Faramir. A fim an sa shi ya yi kwaɗayin Zoben har ya tasa ƙeyar su Frodo zuwa Osgiliath. A littafi bai yi haka ba. Sam ya yi suɓutar baki ya tona asirin, ga Faramir da dakarunsa, ga hobit biyu a hannunsa cikin kogo, ya miƙe tsaye kowa ya ɗauke numfashi, sai ya koma ya zauna ya ce ya riga ya faɗa ko a gefen hanya ya tsince shi ba zai ɗauka ba. Wasu masu sharhi suna ganin ya cika tsarki har ya daina kama da mutum. Ni ina ganin an ajiye shi ne kusa da wansa Boromir don a nuna uwa ɗaya uba ɗaya, jarrabawa ɗaya, amsa biyu.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma ya kamata mai karatu daga nahiyarmu ya lura da shi. Mutanen Harad, 'yan kudu masu duhun fata da ke zuwa da manyan giwaye, a ɓangaren Sauron, babban mugun labarin, aka sa su, nagartattun kuwa farare ne daga yamma. Wannan tabo ne, kuma ba na cikin masu share shi da hannun riga. Sai dai a wannan juzu'in ne kuma aka sami wurin da Sam ya ga ɗaya daga cikinsu ya faɗo matacce kusa da shi, kibiyoyi a wuyansa, baƙin gashinsa a kitse da zinare, hannunsa riƙe da karyayyen takobi. Karon farko ke nan da Sam ya ga ɗan Adam yana kashe ɗan Adam, kuma abin bai yi masa daɗi ba. Ya shiga tambayar kansa ko mene ne sunan mutumin, daga ina ya fito, shin mugu ne da gaske, ko da wace ƙarya ko barazana aka raba shi da gidansa, ko da ya fi son zama can cikin lafiya. Sakin layi ɗaya ne, bai wanke sauran ba, amma ya nuna marubucin ya san akwai tambaya a wurin. Mata ma ba su sami fili ba. Éowyn, 'yar ƙanwar Sarki Théoden, shafuka kaɗan ta samu, tana tsaye a ƙofar fada ana barin ta a baya. Turancin babukan Rohan kuma tsoho ne, an juya jimloli irin na waƙoƙin da, ga waƙe-waƙe a tsakiyar labari. Wanda ke karatu a cikin danfo, an maƙale a cunkoson Oshodi, kwandasta yana ihu a kansa, dole wannan salo ya yi masa nauyi. Ina zargin wani kaso na gajiyarka daga nan ya fito.

To ina abokinka ya yi gaskiya? A jerin littattafan da ake rubutawa ana sayarwa, labari yana faɗaɗa har ya fi ƙarfin mai shi. Robert Jordan ya fara The Wheel of Time a 1990. Kafin a kai na goma, Crossroads of Twilight, a 2003, jarumai sun yi yawa, har babban ɓangare na littafin ya tafi wajen nuna abin da kowa yake yi a lokacin wani al'amari da ya riga ya faru a ƙarshen na tara. Masoyansa ma suna kuka da shi. Jordan ya rasu a 2007 bai gama ba, Brandon Sanderson ya ƙarasa, aka rufe da juzu'i na 14 a 2013. George R.R. Martin kuma da littafinsa na huɗu ya kumbura, sai ya raba shi bisa yankuna, A Feast for Crows ya fito a 2005 babu babukan manyan jarumansa Tyrion da Jon Snow da Daenerys. Waɗanda suka rabu da su a littafin 2000 ba su sake shiga kansu ba sai 2011. Kai babi 11 ka jira Frodo kake ƙorafi.

Ma'aunin da nake amfani da shi ga kowane juzu'in tsakiya shi ne in ɗauki manyan mutanen labarin a shafin farko, in sake ɗaukarsu a shafin ƙarshe, in duba me ya faru da su wanda ba ya komawa baya. In kowa yana inda yake, sai dai an canza masa gari, to ciko ne komai daɗin rubutun. Gwada shi a nan. Boromir ya mutu. Théoden ya tashi daga kujera ya hau doki. An karya sandar Saruman, Isengard ta zama tafki. Pippin ya leƙa dutsen sihirin da ake hangen nesa da shi, Sauron ya gan shi ya ɗauka hobit ɗin da ake nema yana hannun Saruman, wannan kuskuren ya karkatar da idonsa daga inda ya kamata ya duba. Gollum ya zaɓi hanyarsa. Zoben da kansa ya bar wuyan Frodo ya koma wuyan Sam, mai aikin lambu da ya fito daga gida da tukwane a bayansa. Cire wannan juzu'i ka buɗe na uku, ba za ka san su wane ne mahayan da ake jira su kawo wa Gondor ɗauki ba, ba kuma za ka gane abin da ya sa ƙarshen labarin ya zo yadda ya zo ba.

Datsewar da ta ba ka haushi kuwa, Sam yana dukan ƙofar ƙarfe, an shige da Frodo da ransa a hannun abokan gaba, masu karatu na 1954 sai da suka yi wata 11 da ita a maƙogwaro, domin Tolkien ya tsaya haɗa bayanan tarihi da na harsuna da za a liƙa a ƙarshen na uku. Kai naka yana ɗaki a Agege.

Karanta shi, amma ka shiga da shiri. Shi ma ba da Frodo yake farawa ba. Mafi yawan kashi na biyar yana Gondor da Rohan ne, yana farawa da Pippin a gaban Gandalf bisa doki, sai a kashi na shida za ka koma wajen Sam da ƙofar nan. Kada kaurin littafin ya ruɗe ka, labarin yana ƙarewa da sauran shafuka fiye da ɗari a hannunka, ragowar jadawalin sarakuna ne da kalanda da haruffa. A cikinsu akwai jerin kwanaki da ke nuna inda kowa yake a kowace rana, zai warware maka duk ruɗanin lokaci na juzu'i na biyu, amma kada ka buɗe shi sai ka gama, don ya tona ƙarshe. Tunda kuma na hannu ka saya, duba ko taswirar tana nan ba a yage ta ba. In babu, nemo ta a intanet ka ajiye a waya, domin a na uku runduna uku ce ke tafiya ta hanyoyi daban-daban zuwa birni ɗaya.